Zaren kaset ya tsinke a Ailan: a manna a gida ko a kai Dablin?

Maman Ilham (Ennis): Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na san nan wajen masu gyaran waya ne da rediyo, ni kuwa aikin kula da tsofaffi nake yi a ƙasar Ailan, yankin Clare, amma yau matsalata taku ce. Akwai wani dattijo da nake zuwa gidansa sau huɗu a mako, ya haura tamanin. Yana da kaset guda ɗaya tak da ya ɗauki mahaifiyarsa tana kiɗa a kicin ɗinsu, can ƙarshen shekarun 1970. Konsatina take kaɗawa, wani ɗan akwati mai zugazugi da maɓallai a kowane gefe, ana matsawa ana buɗewa da hannu biyu. Jiya ya ce in sa masa. Ko minti biyu ba a yi ba sai sautin ya fara jan ƙafa, ashe rediyon ya haɗiye zaren. Kafin in ce kar a taɓa, jikansa ya fizgo, zare ya tsinke. Yanzu ga kamar kamu ɗaya a waje, duk ya cukurkuɗe. Na kai wani shago a gari, yaron ya jujjuya ya ce sai dai kwandon shara. Tsohon bai yi faɗa ba, ya dai juya fuska bango, da ma faɗan ya yi. Ni ce na danna maɓallin nan. Don Allah akwai dabara?

Abba Studio (Kaduna): Wa alaikumus salam Anti. Ƙaramin abu ne. Ki yanke wurin da ya yamutse, ki haɗa bakin biyu da salatif, ki naɗe da biro. In yana ɗanko ki sa shi a obin na awa kaɗan, na ga ana yi a YouTube.

Baba Mai Rediyo (Kano): Abba, Allah ya shirye ka. 'Yata, kada ki yi ko ɗaya daga cikin ukun nan. Shekarata arba'in ina buɗe cikin rikoda, kuma yawancin kaset ɗin da na ga sun mutu, ba rediyo ne ya kashe su ba, mai gyara ne. Garin neman gira ake rasa ido.

Abu na farko, ki juya kaset ɗin ki duba samansa. A kowace kusurwa akwai ɗan harshen roba da ya rufe rami. In suna nan, ki ɓalle su duka biyun yanzu. Muddin ramin a buɗe yake, maɓallin ɗauka ba zai dannu ba, ko jikan nan ya sake zuwa da zumuɗinsa ba zai goge komai ba. Na biyu, wancan rediyon da ya ci zaren, an gama da shi. 'Yar tayar robar da ke matse zare da ƙarfen da ke jansa ta tsufa ta yi ɗanko, ko kuwa bel ɗin ciki ya saki, shi ya sa gefen da ke naɗewa ya tsaya, zare ya taru a ciki. Kika sake sa masa wani, haka zai yi.

Sannan ki amsa mini: me aka rubuta a jikinsa, C60, C90 ko C120? Akwai sukuru a kusurwoyinsa ko like yake? Ɗan soson nan da ke tsakiyar bakinsa, bayan zare, yana nan?

Maman Ilham (Ennis): Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Na ɓalle harsunan. C90 ne. Babu sukuru ko ɗaya, like yake. Soson ya faɗi, sai ɗan ƙarfen kawai ya rage. Kuma ta 'yar tagar nan ina hango wasu fararen ɗigo-ɗigo a kan naɗin zaren.

Ɗan Damagaram: Sallama gare ku. Na yi aiki a gidan radiyo zamanin da muke yanka zare da reza muna haɗawa, in ba ku damu ba in sa baki. Maganar gasawa da Abba ya kawo, gaskiya ce da aka ɗora a inda ba wurinta ba. Akwai wasu manyan faya-fayan situdiyo na shekarun 1970 da 1980 da gam ɗin jikinsu ke shan danshi ya yi ɗanko, su ake ɗumamawa, kuma a na'ura ta musamman mai riƙe zafi ƙasa-ƙasa, ba tandar gasa kaza ba. Kaset na gida da wuya ya kamu da wannan ciwo. Ki sa shi a obin, robar ta lanƙwashe, shi ke nan an yi jana'iza.

Sikoc kuwa, wanda ku ke ce wa salatif, gam ɗinsa narkewa yake da daɗewa, ya malalo gefe ya like zaren da ke sama da na ƙasa, ya kuma shafa wa kan rikodar, wato ɗan ƙarfen da ke karanta sautin zare. Akwai manne na musamman na haɗa zare, siriri, gam ɗinsa ba ya zuba. Ɗiyata, a Turai kike, za ki same shi ta intanet da kuɗi kaɗan, tare da ɗan ƙarfen mai kwari da ake kwantar da zaren a ciki a yanka.

Abba Studio (Kaduna): To mu dai da jan farce muka ga yayyenmu na haɗa kaset ɗin Shata, kuma ya yi.

Baba Mai Rediyo (Kano): Ya yi, don in ya lalace gobe ka je kasuwa ka sayo wani. Wannan fa babu na biyunsa a duniya.

Injiniya Dablin: Da wannan maganar ta Baba ta ƙarshe nake so in kafa hujja. Tunda babu na biyunsa, me ya sa Anti za ta koyi aski a kansa? A nan Dablin akwai ma'ajiyar kiɗan gargajiyar Ailan, ITMA, a lamba 73 Merrion Square. Tun 1987 aka kafa ta, aikinta ke nan: tattara faya-fayai da kaset da rubuce-rubucen kiɗan nan, da mayar da su na kwamfuta. Suna da injina da mutanen da hannunsu ya faɗa. Jirgin ƙasa na tashi daga Ennis, a sauka Limerick a canja. Ni shawarata a sa shi a ambulan mai kauri a kawo, kar a taɓa komai. Kuma Anti, ki yi hattara da gefen aikinki. Kayan wanda kike kula da shi ne. Kika buɗe ya lalace, ba ruwan kamfani da kyakkyawar niyya.

Maman Ilham (Ennis): Wannan gaskiya ne Injiniya, ban ma yi tunaninsa ba. Na kira 'yarsa da ke Galway. Ta ce ta yarda, ta kuma rubuto mini a saƙo. Amma tsohon ya ce kaset ɗin ba zai kwana a wani gari ba yana raye. Ya ce wani ya taɓa aron hotunan gidansu don wani baje koli, har yau.

Baba Mai Rediyo (Kano): Ka ji ko? Injiniya, ban ƙi taka ba, masu ma'ajiya sun fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba. Amma mutumin ya haura tamanin. Wa ya san layin da ke gabansa a can? A gyara a gabansa ya ji uwarsa, daga baya a kai musu su yi nasu na ƙwararru. Sauya kwanso da haɗa zare ba tiyatar zuciya ba ce, natsuwa kawai take so.

Injiniya Dablin: Funfunar fa, Baba? Fararen ɗigon nan funfuna ce.

Baba Mai Rediyo (Kano): Nan kam ka kama ni. Mu ƙura ce abokiyar gabarmu da zafin cikin mota. Funfuna a kaset bai fi sau biyar na gani ba, su ma daga Legas aka kawo. Faɗi naka.

Injiniya Dablin: Clare bakin tekun Atilantika take, ruwa kusan kullum, tsofaffin gidajen dutse kuwa danshi ne har cikin durowa. Anti ki samo roba mai murfi, ki tara 'yan ƙunshin nan na tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ki rufe kaset ɗin da su kamar mako biyu. Funfuna in ta bushe gari take zama, ta kakkaɓu. In da ɗanyenta kika goge, shafa ta za ki yi. Ranar gogewa ki yi a waje da takunkumi, ba a ɗakin tsohon ba, huhunsa ba na wasa ba ne. Ƙyalle mai laushi marar gashi, a bushe. Ban da ruwa.

Abu Sumayya: Ni dai tambaya gare ni. Duk wannan wahalar a kan kiɗa?

Maman Ilham (Ennis): Malam, a hannuna abin mutum ya lalace, amana ce. Kuma muryar mahaifiyarsa na ciki tana magana.

Shugaban Zaure: Malam Abu Sumayya, zauren gyara ne nan. Mai wannan muhawarar ya san inda ake yinta. A ci gaba.

Zainab (Limerick): Anti Maman Ilham, ina karatu a nan kusa da ke, kuma na ɗan shiga harkar kiɗan mutanen nan, bari in faɗa wa zaure abin da ke hannunki don a san nauyinsa. A Clare konsatina kayan mata ne tun da. Masu araha ne ƙirar Jamus, ana saye a kantin gari, a ajiye a ɗan lungun bango kusa da murhu don kar danshi ya taɓa. Da dare maƙwabta su taru a kicin, a ture teburi, a yi rawa a kan daɓen dutse. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Elizabeth Crotty ta garin Kilrush, ta rasu a 1960, ita an ɗauke ta a rediyon ƙasa. Amma irinta ɗaruruwa ne da ba wanda ya taɓa kai wa makirufo. A 1935 gwamnati ta yi dokar da ta ce sai da lasisi za a yi taron rawa, wannan da ƙaura zuwa Ingila da Amurka suka rage rawar cikin gida ƙwarai.

Su kuma kiɗan nan da ka ake koyonsa, kunne zuwa kunne. Karin da ake kaɗawa a wannan ƙauye, in ka tsallaka tudu biyu sai ka ji an lanƙwasa shi daban, sunan ma ya canja. Wasu ba su da suna sam, a littattafai sai a rubuta musu gan ainm, wato marar suna da harshensu. Saboda haka ba mamaki a cikin kaset ɗin nan akwai karin da babu shi a ko'ina, ko kuwa sanannen kari ne da salon da ya mutu tare da ita. Don Allah kar a yanke komai.

Baba Mai Rediyo (Kano): Madalla da Zainabu, kin kawo ni inda nake so. Abba, zo ka yi lissafi. Zaren kaset yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, haka kamfanin Philips ya tsara tun 1963. Kamu ɗaya da ka ce a yanke, kusan daƙiƙa goma ke nan. Kuma abin da yara ba su sani ba, fuska ta A da ta B a kan zare ɗaya suke, ɗaya a rabin sama ɗaya a rabin ƙasa, faɗin duka bai kai milimita huɗu ba. Ka yanke goma, ka zubar da ashirin. Yamutsattsen zare yana magana, da ɗan rawar murya dai, amma yana yi. Yankakke ba ya yi.

'Yata, ga yadda za ki yi in funfunar ta bushe. Ki nemi wani kaset da ba a so, mai sukuru biyar, ki fara koyo a kansa: ki buɗe, ki ɗau hoton yadda zare ya bi ta bayan 'yan tayoyin kusurwa ya wuce gaban soso, ki tsinka shi da gangan ki haɗa, sau uku. Kwansonsa shi ne sabon gidan. Ki bar masa sosonsa da baƙaƙen ledojin nan biyu masu santsi da ke kwance sama da ƙasa, su ke sa naɗin ya juya ba gardama.

Na tsohuwar kuma, ki kwantar da shi a teburi, ki sa bakin wuƙa a layin da aka like, daga kusurwar da ta fi nisa da naɗin zare, ki riƙa murɗawa kaɗan-kaɗan har ya ɗage. Kada ki ɗaga shi tsaye in ya buɗe. C90 zarensa ya kusa mita 130, kuma ya fi na C60 sirantaka. Ya zube miki a ƙasa, sai kin kwana uku kina kuka. Ki zame ledar ƙasa da naɗin a kanta ki kai sabon gida, kamar mai ɗaukar waina daga tanda.

Ɗan Damagaram: Ni kuma in ƙara na haɗin. Fuskar da ke kallon waje, wadda ke gogar kan rikoda, ita ke ɗauke da garin maganaɗisun, sautin a nan yake. Manne a bayanta ake sa shi, fuskar da ke kallon cikin kaset. Baki da baki za su haɗu, kar ɗaya ya hau ɗaya, kar kuma a bar tsaga. In bakin ya yage ba daidai ba, ki ɗora su kaɗan ki yi yanka ɗaya a karkace da sabuwar reza, abin da za ki rasa bai kai faɗin farce ba. Mannen kar ya leƙo gefe. Almakashi da sukundireban da ke kama allura, ki nisanta su, suna barin ƙas a sauti. Hannu a wanke, ba mai.

Yamutsin kuwa wasu na guga da dutsen guga mai ɗumi, ni ban yarda ba. Ki miƙe shi da yatsa a hankali, ki naɗe shi cikin 'yan uwansa da ɗan tsauri, ki bar shi mako guda. Nauyin naɗin zai kwantar da shi.

Hajiya Zango (Kumasi): Kun tuna mini da kaset ɗin da mahaifinmu ke aiko mana daga Jidda a madadin wasiƙa, a taru a tsakar gida a saurara. Suna nan cikin akwati, ashe in tashi tsaye. Allah ya ba da sa'a ɗiyata.

Maman Ilham (Ennis): Jama'a na dawo, mako uku ke nan. Na bi komai. Na lalata kaset ɗin koyo guda biyu kafin hannuna ya daina rawa. Na sauya kwanso, na haɗa, na bar shi ya kwanta. Mijin wata abokiyar aikina ya ara mana babbar rikoda irin ta falo. Amma Baba akwai matsala. Farkon lafiya lau, da aka zo wurin haɗin sai sautin ya toshe kamar daga cikin rijiya, kuma wallahi kamar kiɗan da baya yake tafiya. Na kashe nan take. Na ɓata ne?

Baba Mai Rediyo (Kano): Hahaha. Ba ki ɓata ba 'yata, kin yi kuskuren da kowane ɗan koyo ke yi, ni ma na yi shi gaban maigidana na sha ranƙwashi. Zaren ya murɗe sau ɗaya kafin ki manna. Bayansa ne yanzu ke gogar kan, shi ya sa ya toshe, kuma da ya kife, rabin ƙasa ya koma sama, fuskar B kike ji tana tafiya da baya. Ki ɓare mannen a hankali, ki juya, ki sake. Ki duba da fitilar waya, launin fuskokin biyu ba ɗaya ba ne, ko da kaɗan.

Injiniya Dablin: Kafin ki sake kunnawa Anti, a shirya kwamfuta, don jin farko shi ne ɗaukar farko. Ba a san sau nawa haɗin zai jure ba. Ki goge kan rikodar da ƙarfen jan zare da audugar kunne da sinadarin isofurofil, ki bari ya bushe. Waya daga mafitar sauti ta bayan rikodar zuwa kwamfuta, ba wai ki kara wayar hannu a lasifika ba. Manhajar Audacity ta ɗaukar sauti kyauta ce. Ki ajiye a WAV, tsarin fayil ɗin da ba ya rage ingancin sauti, bit 24, kilohaz 96 in na'urarki ta iya, in ba haka ba 48, shi ne abin da ma'ajiyoyi ke so. MP3 sai daga baya don aikawa a WhatsApp. Maɓallin Dolby na rage shuuu a kashe, yawancin ƙananan rikodar hannu na lokacin ba su da shi. Ki bar fuska ta tafi daga farko har ƙarshe ba tsayawa.

Ɗan Damagaram: Da abu ɗaya da matasa ke mantawa. Gefen kan rikodar akwai ɗan sukuru da ke karkata shi. Rikodar da tsohon ya yi ɗauka da ita, da wuya kanta ya zauna daidai da na wannan. Ki yi alama a inda sukurun yake, ki sa abin ji a kunne, ki murɗa ƙanƙani dama ko hagu har ki ji sautin ya washe, kamar an ɗage labule. In kin gama ki mayar wa mai kaya yadda yake. Abin da kika rasa a nan, babu manhajar da za ta dawo da shi.

Maman Ilham (Ennis): ALHAMDULILLAH. Ya wuce wurin haɗin da ɗan ƙas guda, yamutsin ya yi rawa na 'yan daƙiƙu, sai ya miƙe. Fuska biyun duk suna kwamfuta, na kwafa a wuri uku. Tsohon ya riƙe hannun kujera har aka gama bai ce uffan ba. Sai dai da aka kashe ya ce, uwata ba ta gudu haka, wannan kamar ana korarta. Kuma muryarta ta yi siriri, ya ce ba haka take ba.

Abba Studio (Kaduna): Wannan nawa ne. A ɗora a manhaja a ja sautin ya zauna a kan ma'aunin da duniya ke amfani da shi, 440. Minti ɗaya.

Zainab (Limerick): A'a Abba. Wa ya ce maka kayanta a 440 yake? Tsofaffin konsatina kowanne da inda aka ɗaure shi. Har algaitarsu ta jaka, wadda ake zugawa da gwiwar hannu, tsofaffinta a ƙasa suke da na yanzu, kuma da gangan ne. Ka ja ta zuwa ma'auninka, ka yi gyaran gangar auzinawa.

Ɗan Damagaram: Dalilin gudun dai sananne ne. Pil ɗin rikodar, wanda ku ke ce wa batir, ya yi sanyi ranar ɗauka, zare ya tafi a hankali, yau da aka sa shi a gudunsa na ƙa'ida sai komai ya yi sauri ya yi sama. Da a wutar bango aka ɗauka, da mun nemi ƙugin lantarki a ƙasan sautin, na Ailan 50 ne a daƙiƙa kamar namu, mu ja har ya zauna a 50. Amma mai pil ba shi da ƙugi. Ɗiyata, tambayi tsohon: kayan kiɗan yana nan?

Maman Ilham (Ennis): Yana nan! Cikin kwabarsa, a naɗe da tawul. Zugazugin ya yage a gefe amma maɓallai da yawa suna kuka.

Ɗan Damagaram: To an gama. Harsunan ƙarfen da ke cikinsa ba sa nisa da inda aka bar su. A danna maɓalli ɗaya a ɗauka, a nemi wannan sautin a kaset inda ta ja shi da tsawo, a gwada. A rage gudu da kaifin murya tare, kamar yadda zaren ya yi, ba ɗaya ban da ɗaya ba. Rabin mataki na sauti kusan kashi 6 ne cikin ɗari. Kuma kowane kari a auna shi daban, don pil ƙara mutuwa yake ana tafiya, ƙarshen fuska zai fi farkonta gudu.

Abba Studio (Kaduna): Na sallama wannan. Amma Anti turo mini minti biyu in wanke miki. Akwai manhajar AI da ke cire shuuu da duk wani tarkace, ya fito kamar jiya aka yi a situdiyo.

Maman Ilham (Ennis): Abba na gode da wanda ka dawo da shi, ka yi ƙoƙari, ya fito tas. Na sa wa tsohon. Bai kai rabi ba ya ɗaga hannu ya ce, ina ƙafar babana? Ashe wannan dum-dum ɗin da ka cire, mahaifinsa ne ke buga ƙafa a daɓe yana riƙe mata kiɗan. Ƙarar da na ɗauka lalacewar zare ce kuma, butar shayi ce a kan murhu. Akwai inda wata ta yi dariya daga nesa, a naka babu ita, ya ce ƙanwarsa ce da ta tafi Boston ba ta dawo ba.

Abba Studio (Kaduna): Manhajar ta ɗauka hayaniya ce. Amma fa ku yarda, nawa ya fi daɗin ji a mota.

Zainab (Limerick): Bugun ƙafar nan ma masu bincike nemansa suke, shi ke nuna gudun da ake rawa da shi a gidan. Hirar tsakanin kari da kari kuma a nan ake jin daga wa ta koya. Anti, akwai inda ta ambaci suna?

Maman Ilham (Ennis): Akwai. Kafin na huɗu a fuskar B ta ce wannan na kakarta ne, ba ta san sunansa ba. Tsohon ma bai sani ba. Jiya mun zauna da takarda, ina tsayarwa yana faɗa mini wanda ke magana da abin da ake kaɗawa, mun cika shafi uku. Goma sha ɗaya ya gane, wannan ɗayan ne ya gagara.

Injiniya Dablin: Takardar nan ta kusa kai kaset ɗin daraja, a haɗa da ita in za a kawo. Ya sauko daga maganar ba zai kwana a wani gari ba?

Maman Ilham (Ennis): Rabi da rabi. Ya ce 'yarsa ta kai musu na kwamfutar da takardar tukuna, ɗanyen, ba wankakken ba, yi haƙuri Abba. Kaset ɗin kansa sai bayan ransa.

Zainab (Limerick): In ya yarda ki ba ni na huɗun nan kaɗai. Farkon watan Yuli ake makon kiɗan gargajiya na Willie Clancy a garin Miltown Malbay, tun 1973 ake yinsa, ba nisa da ku. Tsofaffin masu konsatina na Clare duk suna hallara. Zan sa musu a kunne, in akwai mai gane shi a can yake.

Baba Mai Rediyo (Kano): 'Yata, tsohon kwanson da kika fasa, yana ina?

Maman Ilham (Ennis): Yana cikin jakata Baba, na ce in jefar.

Baba Mai Rediyo (Kano): Kul. Rubutun da ke jikin takardarsa na wane ne?

Maman Ilham (Ennis): Na tambaye shi yanzu. Ya ce nata ne, ita ta rubuta da biron da take lissafin kuɗin ƙwai. Na mayar da shi cikin tawul ɗin tare da konsatinar.